Faifan Birki a Tsakar Gidanmu

Ranar da Kawu Yakubu ya shigo gidanmu rungume da wani abu mai nauyi a cikin buhu, na zaci sabon kaskon kisra, gurasar nan tamu ta dawa, ya kawo wa Iya. Har na jefar da tsintsiya na tafi da murna zan karɓa. Da na san abin da ke cikin buhun nan, masu karatu, da tun a bakin ƙofa na roƙe shi ya juya da shi Sinja, garin da yake zaune.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara zama da mu. Sunana Salwa, autar Malam Maliki da Iya Talatu. Ƙauyenmu yana ƙasar Sudan, a bakin tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Hanya ɗaya ce ta haɗa mu da garin Wad Haddad, saman gaɓar tur'ar, ruwa a gefe guda, auduga a ɗaya gefen, faɗinta bai wuce na lori ɗaya ba. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, suka tsaya nan su ɗan huta, hutun ne har yau ba a gama ba.

Wanda nake so sunansa Ƙasimu. Ya yi shekaru a Jidda yana tsaron shagon wani Balarabe, ya dawo a shekarar saba'in da bakwai da abu biyu da ƙauyenmu bai taɓa gani ba. Na farko rakoda mai cin kaset. Na biyu wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera, shimfiɗe da ƙasa kamar ƙadangare. Ɗan maigidansa ne ya saye ta, ya gaji da ita tun ledar kujerun ba ta fita ba, ya sallama wa Ƙasimu. Ba a sa mata giya, da kanta take canzawa. In ta yi gurnani sai ka ce bijimi ne ya faɗa rijiya yana kiran mai shi. Ni abin da ya fi ba ni mamaki idanunta, don fitilunta a lumshe suke da rana, sai duhu ya yi su ɗago su buɗe. Na daɗe ina tunanin ko tana mafarki in ta rufe su, kuma in tana yi, da Larabci ne ko da yaren waɗanda suka ƙera ta.

"Ba ta da haƙuri," in ji Ƙasimu ranar da na fara ganinta. "In na ɗage ƙafa daga birki tafiya take yi da kanta, ba ta jiran in ce mata je ki. Don kwalta aka yi ta, ba don garinku na jakuna ba."

"To ka mai da ta inda aka yi ta mana."

"Ita ta matsa in kawo ta ta gaida uwar ɗakinta."

Kun ji irin bakinsa.

Da damina ta ɗauke, manyansa suka kawo akwatin gaisuwa. Akwai tob biyu, lulluɓin nan namu na matan Sudan, ɗaya fari sol, ɗaya ruwan ƙwai mai ɗigon azurfa a bakinsa. Akwai itacen sandal, da sabulu, da wani takalmi mai tsini da na gwada a ɗaki na kusa karya ƙafa. Rakodar ma ya bar mini. Iya ta karɓa ba don ranta ya so ba, ta tura akwatin can ƙarƙashin gadonta na igiya, ta ce a ba ta lokaci.

Ba Ƙasimu ta ƙi ba. Motar ta ƙi, kuma ban ga laifinta ba. Yayana Gado, ɗanta na fari, a lorin masu tsinkar auduga ya rasu, a kan gaɓar nan tamu. Amalanken raƙumi ne ya tare gabansu, direban ya kasa jira, ya ratse zai wuce, bakin gaɓar ya zabtare, lorin ya kife cikin ruwa. Kawu Yakubu, ƙanen Iya, shi ya shiga ya fito da gawarsa. Tun daga ranar Iya ba ta ƙara hawa abin da ke da inji ba. Ba ta taɓa zuwa inda abin ya faru ba, ko da yake daga ƙofarmu ana hango kan bagaruwar wurin. Kuma akwai kalmar da ta mutu a bakinta. Iya ba ta ƙara ce wa kowa ya yi sauri ba. Ko tuwo ne ke ƙonewa, ko akuya ce ta shiga rumbu, sai dai ka ji ta ce, "Je ki a hankali, ɗiyata."

To, Ƙasimu yakan zo zance bayan la'asar, kusan kullum. Kuma kullum a makare. Sai na yi wanka, na shafa mai, na zauna a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida har ƙafata ta yi sanyi. Baba ya dawo daga gona a kan jakinsa, ya shige, sannan in ji gurnanin nan yana tahowa. Motar ta tsaya tana wani irin ƙauri kamar an bar tukunya a wuta babu ruwa. Wata rana na ɗiga ruwan buta a tayar gaba, ya yi cuu, ya tashi hayaƙi.

"Motar da ta fi kowace gudu a duk yankinmu na Jazira, mai ita ya fi kowa latti," na ce masa. "Ko akwai wata rumfar da kake fara tsayawa?"

"Akwai babban mutum a hanya," ya ce, yana dariya. Na zaci cika bakinsa ne na kullum, ban bi ta kai ba.

Haka muka yi har auduga ta fashe aka fara tsinka. Sai motar ta soma kuka in an taka birki, wani ƙii mai sa haƙori tsami, sitiyarin yana rawa a hannunsa. Akwai bakanikai a birnin Madani, amma Ƙasimu ya ce ina, yana da suruki bakanike a Sinja zai kai wa bare? Ya ɗauke ta ya kai wa Kawu, don ya girmama shi. Girmamawar ce ta dawo mana a cikin buhu.

Kawu ya zauna a tabarma, ya ƙi shan ruwan da na kawo, ya zazzage buhun a tsakar gida. Wani faifan ƙarfe ne ya faɗo, mai rami a tsakiya. Fuskarsa duk kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, gefensa ya sirance, launinsa kuma shuɗi-shuɗi da ja-ja kamar wuyan tantabara. Wallahi kyau ya yi mini. Na ji kamar in rataye shi a ɗaki.

"Yaya, diba wannan," in ji Kawu.

Iya ta leƙo daga madafa. "Mi ne ne?"

"Faifan birkin motar yaron nan. Shi ke juyawa tare da taya, in an taka birki a matse shi, mota ta tsaya. Irin wannan ƙarfe shekaru yake yi. Wannan ko shekara bai cika ba a duniya, dibi yadda ya koma. Na ɗaya gefen ma haka yake."

"To lalacewa ya yi?"

"Ƙonewa ya yi. Ƙarfe ba ya yin wannan launi sai ya sha wuta. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, a motar wani ɗan tajiri da ke tsere da abokansa a hanyar Hartum. Mutum ya sake ta kamar aljani ya biyo shi, ya danne birki, ya sake, ya danne. Wancan yaron yanzu da sanda yake tafiya."

Baba yana gefe yana gyaran igiyar jakinsa. Hannunsa ya tsaya.

"Kawu, ka tambaye shi?" na ce. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

"Na tambaye shi, Salwa. Na ce ya zol, kai bawan Allah, mi kake yi da motar nan? Ya sunkuyar da kai ya ce, ma'alesh, ka yi haƙuri Kawu, ƙafata ce. Ko musu bai yi ba." Ya juya wajen Iya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba na ƙin yaron, Yaya. Amma na taɓa shiga ruwan nan sau ɗaya. Ba zan iya na biyu ba."

Iya ta tsuguna, ta sa yatsa ta bi kunyoyin ƙarfen a hankali, kamar mai shafa kan jariri. 

"Ranar Juma'a ka dawo, Yakubu," ta ce. "Ka kai musu akwatinsu."

"Iya, don Allah..."

"Ban yi miki faɗa ba, ɗiyata. Kada ki sa in yi."

Na kalli Baba ko zai ce wani abu. Ya ci gaba da murza igiyarsa, fuskarsa a murtuke yadda ban saba gani ba. Faifan kuwa nan aka bar shi a tsakar gida. Ba wanda ya ɗauke. Kaji suka yi ta zagaya shi suna leƙa ramin tsakiyar.

Ranar Laraba direban lorin Sinja ya ajiye mini kaset a shagon bakin hanya. Haka muke yi in ya yi nisa, shi ya ari rakoda ya yi magana a kaset, ni in goge in mayar masa da tawa. Na jira rana ta take, kowa ya kwanta, na shiga bayan randunan ruwa na rage murya. Da farko ƙarar guduma ce kawai ta garejin Kawu, sai tarinsa, sai ya ce:

"Salwa, ina gaisuwa. Ina nan Sinja wajen motar, a benci nake kwana. Na ji abin da Kawu ya kai gida. Bai yi ƙarya ba, ƙarfen nawa ne, ƙafata ce ta cinye shi. Kada ki tambaye ni yadda aka yi. Akwai maganar da in ta fito daga bakina ta zama rashin kunya, gara a ce mini mahaukaci. Ki gaida Iya in za ta amsa. Ina tunanin abin da zan yi hankalinta ya kwanta. Tob ɗin nan mai ruwan ƙwai, ko an dawo da shi ba zan ba kowa ba."

Shi ke nan. Na juya kaset ɗin ko akwai saura a baya. Babu komai sai shuuu, kamar iska a cikin dawa. Na zauna na saurari shuuu ɗin nan har ya ƙare, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa. Masu karatu, ku gaya mini, wane irin namiji ne za a raba shi da wadda yake so, a ba shi dama ya kare kansa, ya tsaya yana zancen kunya?

Abin da ya buɗe mini ido ƙaramin abu ne. Ranar Alhamis ina hura gawayin shayin Baba, ko ja bai yi ba, sai ga sallamarsa. Iya ta ɗago kai.

"Malam, kwana biyun nan da wuri kake dawowa. Ko aikin ya ragu?"

"Aiki na nan," ya ce, ya ja jakin ya yi bayan gida.

Na kalli katanga. Ni da inuwar katangarmu mun san juna, da ita nake auna komai. A da, Baba yakan shigo inuwar tana bakin randa. Tun da Ƙasimu ya fara zuwa zance, sai ta haye randa ta kama bangon madafa kafin ya shigo. Yanzu da motar ke kwance a Sinja, ga shi ya koma shigowa tana bakin randa. Na riƙe mafici a hannu na kasa fifitawa.

Ban gaya muku labarin jakin Baba ba. Sunansa Mufattishi, sunan jami'in nan na hukuma mai zagaya gonaki yana duba aikin manoma. An sa masa sunan ne don in ya ga dama sai ya tsaya a bakin gonar mutum, ya ƙura wa audugar ido, ya kaɗa kunne ɗaya kamar bai gamsu ba, sannan ya wuce. Amma in Baba ya taɓa shi da diddige yana tafiya sosai.

Na same su a turke, Baba yana zuba masa karan dawa. Ni auta ce, ina da bakin da yayyena ba su da shi a gabansa.

"Baba, Mufattishi ya warke ne?"

"Da ciwo yake yi?"

"Na ga watannin baya yana kawo ka a makare, yanzu kuma ya dawo da ƙarfinsa."

Bai juyo ba. "Ke da wa kuka yi wanga bincike?"

"Ni da inuwar katanga." Na matsa kusa da shi. "Baba, hanyar tur'a ɗaya ce. Lokacin tashinka daga gona shi ne lokacin zuwan Ƙasimu."

Ya karkaɗe hannunsa, ya zauna a kan turmin da ya fashe. 

"A bayana yake," ya ce. "Tun daga gadar tur'a har ƙofar gida. Ranar farko ban shirya ba, na ji abu na gurnani a bayana, na ce bari in ga ko zai yi mini oda in kauce. Bai yi ba. Ya bar tazara don kada ƙurarsa ta same ni. Kashegari na rage tafiya. Bai wuce ba. Na ƙara ragewa. Akwai inda hanyar ta ɗan buɗe, keke da amalanke suna wuce juna a wurin, ko nan bai gwada ba. Ya san ba a shan gaban suruki."

"Kuma ba ka taɓa waiwayawa ba?"

"In na waiwaya ai dole in ce masa ya wuce." Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya ɓace. "Har na fara sonsa, Salwa. Sai Yakubu ya kawo ƙarfen nan. Ashe ladabin na gabana ne kawai. Ya lallaɓa a bayana, in ya bar idona ya je ya yi haukarsa. Wannan ya fi mini ciwo da a ce tun farko ya wuce ni da gudu."

A nan ne ƙaurin nan ya dawo mini a hanci, da cuu ɗin ruwan buta.

"Baba, duk ranar da ya iso bayanka tayoyinsa zafi suke kamar kasko. Na taɓa ɗiga musu ruwa suka yi hayaƙi. In gudu ne ya ƙona su, a ina ya yi gudun, alhali tun daga gada kana gabansa?"

Ya kalle ni.

"Ya taɓa gaya mini motar ba ta iya tafiyar jaki ba. In ya ɗage ƙafa, tafiya take yi da kanta."

Baba ya miƙe, ya je tsakar gida, ya tsaya a kan faifan yana kallonsa har aka kira magariba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya iso. Iya ta riga ta jawo akwatin, ta goge masa ƙura, ta ɗora rakodata a kai. Ni ina bakin madafa da tsohon tob ɗina na gida, mai ɗinki a gefe, ina yi kamar ina tsince wake. Kawu ya sha shayi, ya ce bari ya kama hanya kafin rana ta yi sanyi. Ya kai hannu ga akwatin.

"Dakata, Yakubu," in ji Baba. "Ina da tambaya irin ta jahilai. Tafiya a hankali tana cin wanga ƙarfe?"

Kawu ya yi dariya. "Malam, a hankali kuma? Ai mai tafiya a hankali birkinsa har jikokinsa su gada."

"Ko da motar irin wadda ke ja da kanta ce? A ce mutum ya riƙe ta da birki, tana ja yana riƙewa, ba a tsaye ba, ba a tafe ba."

Dariyar ta ragu. "To, in ɗan lokaci ne ba komai."

"Daga gada zuwa nan. Cikin ƙurar gaɓa. Kusan kullum, tun ɗaukewar damina."

Kawu ya ajiye kofinsa. Ya jawo faifan, ya karkata shi ga rana, ya bi kunyoyin da farce. Na ga leɓensa na motsi.

"Injin nan ƙarfinsa ya yi na lori," ya ce a hankali. "In aka yi masa haka, ƙarfen ba zai samu iskar da zai huce ba. Ga yashi yana shiga tsakani yana nika shi." Ya ɗago. "Zai ci. Wallahi zai ci, har ya fi na mai tsere. Amma wane mahaukaci ne zai yi haka?"

"Wanda ke bayan jakina."

 Baba ya faɗa musu duka, yadda ya faɗa mini, bai rage ba, har da yadda yake sakin linzami ya bar Mufattishi ya duba gonar kowa. Kawu ya dafe kai. Iya kuwa idonta ya kaɗa.

"Malam, da girmanka? Wata da watanni kana wasa da ɗan mutane a bakin ruwan nan? A bakin ruwan nan, Malam?"

"Don a bakin ruwan nan ne na yi, Talatu." Muryarsa ba ta tashi ba. "Wanda ya kashe mana yaro ba mugu ba ne. Abu mai tafiyar hawainiya ne ya tare gabansa, ya kasa jira. Na ce kafin in ba da ɗiyata ga mai irin wagga mota, sai na ga abin da yake yi in an tare masa gaba."

Ban taɓa jin sun yi maganar Gado a tsakaninsu ba sai ranar. Iya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, kuma tun rasuwarsa ko "yaron nan" ta daina cewa.

"Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba," in ji Baba. "Kullum in na zo bagaruwar nan ina sauka in yi masa addu'a. Ran farko da na sauka, na ji motar ta yi shiru. Na saci kallo ta ƙarƙashin hannuna. Ya fito, ya cire takalmi, ya tsaya can nesa ya ɗaga hannuwa shi ma. Haka yake yi kullum. Bai taɓa matsowa ba, bai taɓa tambayata ba."

Iya ta ja bakin tob ɗinta ta rufe fuska. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Na tashi zan je wajenta, Baba ya girgiza mini kai. Muka jira. Wake ya zube daga cinyata, kaji suka taru a kai, ban kore su ba.

Da ta buɗe fuska, sai ta miƙe ta ɗauki faifan da hannu biyu, da nauyinsa da komai. Ta sauke rakodar, ta ɗora faifan a kan murfin akwatin, ta danna.

"Akwatin zai zauna," ta ce. "Amma ban ce na ba shi ba tukuna."

Ta juya wajen Baba ta ci gaba.

"In an gyara motar, shi zo shi ɗauke ni. Ni da shi, da kai Malam. Shi kai ni bagaruwar nan, in ga wurin da idona. Cikin ita wagga motar, ba wata ba. Ina son in ji a jikina yadda yake riƙe ta. In na sauka lafiya, sannan in ba da amsa."

Masu karatu, Iya ce fa. Iyar da ko injin niƙa ba ta tsayawa kusa da shi. Na ji kamar in rungume ta, in rungume Baba, in rungume jakin ma. Sai na lura Kawu bai yi murna ba. Yana ta juya hularsa a hannu.

"Yaya, akwai matsala."

"Ba a samun ƙarfen?"

"Ana samu, sai dai a aiko daga Jidda. Ba shi ba ne. Yaron ya sa motar a kasuwa. Ya ce tunda ita ce ke tsorata ki, gara ya rabu da ita ya zo zance da ƙafa. Wani tajiri daga Abu Na'ama ya gani ya so, a hakanta. Gobe da sassafe zai zo da lori ya ɗauke ta, in sun tafa hannu shi ke nan."

Abin da yake nufi a kaset ke nan. Na tuna muryarsa yana cewa, "Ina tunanin abin da zan yi hankalinta ya kwanta."

"A buga masa waya," na ce.

"Yau Juma'a, gidan waya a rufe yake," in ji Kawu. "Sai dai in koma yau. Lorin ƙarshe na Sinja yana tashi daga Wad Haddad kafin magariba."

Dukkanmu muka kalli katanga. Inuwar ta haye randa.

Baba ya zagaya baya ya kwanto Mufattishi, ya ɗaura masa sirdi, ya miƙa wa Kawu linzamin. Kawu mutumin inji ne, rabonsa da hawa jaki tun yana yaro. Ya hau da ƙyar, ƙafafunsa na jan ƙasa, jallabiyarsa ta tattare har gwiwa.

"Ka taɓa shi da diddige," in ji Baba. "Ka bar shi a shagon bakin hanya, zan je in ɗauko."

Muka fito ƙofar gida mu uku. Iya ma ta fito, har ta taka zuwa gindin gaɓar, inda ban taɓa ganin ƙafarta ta kai ba. Jakin ya hau hanya da ɗan kuzarinsa, Kawu yana tangaɗi a kai, rana tana sauka a kan ruwan tur'a. Na fara sakin numfashi.

A bakin gonar farko Mufattishi ya tsaya cak. Ya juya kai ya ƙura wa audugar ido. Ya kaɗa kunne ɗaya. Kawu ya yi diddige, ya yi magiya da Hausa, ya yi da Larabci, jakin bai ko motsa ba. Watanni Baba ya yi yana koya masa cewa a hanyar nan ba a gaggawa.

Sai na ji an ja numfashi a gefena. Iya ta sa hannuwa biyu a bakinta, ta ɗaga muryar da na manta tana da ita.

"Yakubu, ka yi sauri mana!"

Ni da Baba muka juya muka kalle ta. Ita ma ta tsaya da hannu a baki, kamar wani ne ya yi maganar. Can kan gaɓa, jakin ya ɗago kunnuwansa duka biyu.